Ons Jabeur: tambayoyi da amsoshi kan 'yar Tunisiyar da ta ci kofin matasa tana shekara 16

Duk sanda aka zo hirar tanis a Afirka yanzu sunan da ke fara fitowa shi ne Ons Jabeur, sai dai da yawa abin da suka sani a kanta bai wuce kukan da ta yi a gasar Wimbledon ta Landan ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta an tara su wuri guda, wasu amsar tasu layi biyu ce, wasu kuma sai an ɗan gyara zama.

Wai wace ce Ons Jabeur ɗin nan?

'Yar wasan tanis ce 'yar ƙasar Tunisiya, an haife ta ran 28 ga Agusta 1994 a wani gari da ake kira Ksar Hellal, amma a Susa ta taso, birnin nan na bakin teku da 'yan yawon buɗe ido ke yawan zuwa. Ita ce auta a gidansu, tana da yayye uku, biyu maza ɗaya mace. Ta ci kofunan WTA (hukumar ƙwararrun 'yan tanis mata) guda biyar, ta buga wasan ƙarshe na Grand Slam, wato manyan gasannin tanis huɗu na duniya, har sau uku, kuma a ƙarshen watan Yuni 2022 ta kai matsayi na biyu a duniya, wanda babu wani ɗan Afirka ko Balarabe, mace ko namiji, da ya taɓa kaiwa nan tun da aka fara jera 'yan wasa da kwamfuta.

Ba wasan masu kuɗi ba ne tanis? Ya aka yi ta shiga?

Wasan masu kuɗi ne kam, ba wanda zai yi musun wannan. Ita dai mamanta ce, Samira, ke ɗan bugawa don motsa jiki, sai take tafiya da ita kulob tun tana shekara uku saboda ba inda za ta bar ta, daga nan yarinya ta ɗauki raket. Kocinta na farko Nabil Mlika shi ya riƙe ta tun tana shekara huɗu har ta kai 13, kuma abin da zai ba ka mamaki a farkon lamarin kulob ɗin nasu ko filin kansa ba shi da shi, filayen otal-otal na 'yan yawon buɗe ido suke zuwa su yi atisaye a kai. Mamar ce ke tuƙa ta gari-gari cikin Tunisiya duk inda ake gasar yara. Da ta kai 12 ta bar gida ta koma babban birni Tunis, makarantar 'yan wasa ta El Menzah, tana 16 kuma ta fara zuwa Beljiyam da Faransa yin horo. Ba 'yar gidan attajirai ba ce, ba kuma daga titi aka tsinto ta ba kamar yadda wasu ke son gyara labarin, iyaye ne masu rufin asiri da suka zuba abin da suke da shi.

Wane kofin matasa ta ci, kuma me ya sa ake ta maganarsa?

Kowace daga cikin manyan gasanni huɗu, wato Australian Open da Roland Garros ta Faransa da Wimbledon da US Open, tana da ɓangaren matasa 'yan 18 zuwa ƙasa da ake bugawa a sati na biyu, a filaye ɗaya da na manya. A 2010 Ons ta kai wasan ƙarshe na matasa a Roland Garros tana shekara 15, Elina Svitolina ta Yukren ta doke ta. Ƙarshen shekarar aka yi mata tiyata a wuyan hannu ta yi watanni ba ta buga komai ba, ga shi kuma lokacin ne ƙasarsu ta hargitse, juyin juya halin da ya kori Shugaba Ben Ali a Janairun 2011. Sai ga ta a watan Yuni ta dawo Paris ta ɗauki kofin, ta doke Monica Puig ta Puerto Rico a wasan ƙarshe. Rabon da wani Balarabe ya ci kofin matasa na Grand Slam a wasan ɗaiɗai tun Ismail El Shafei na Masar a Wimbledon 1964, mace kuwa ba a taɓa yi ba sai a kanta. Ka ga ƙasar da ke cikin ruɗani wata biyar da suka wuce, sai ga yarinya 'yar 16 ta kawo musu abin murna, dole a yi ta magana.

To wanda ya ci kofin matasa ai ya haye kenan ko?

Ina! Ba a nan gizo ke saƙar ba, kuma in akwai abu ɗaya da nake so mai karatu ya ɗauka a labarin matar nan to wannan ne. Mu duba shekarar 2011 ɗin kawai. 'Yan mata huɗu ne suka ci kofunan matasa huɗun nan: An-Sophie Mestach ta Beljiyam a Ostareliya, Ons a Faransa, Ashleigh Barty a Wimbledon, sai Grace Min ta Amurka a US Open. Barty ta zama ta ɗaya a duniya ta ci Grand Slam uku, amma ita ma sai da ta ajiye raket a 2014 ta tafi ta buga kurket saboda abin ya ishe ta, kafin ta dawo a 2016. Mestach da Min kuwa da ƙyar suka leƙa cikin ɗari na farko a duniya, yau in ka ambaci sunansu ko a cikin masu bin tanis sai an yi tunani. Ons kuma sai da ta shekara shida kafin ta shiga ɗarin farko, ta shekara goma cif kafin ta ɗaga kofin WTA na farko.

Dalilin a fili yake. A wasan matasa da sa'anninka kake karawa, yarinyar da ta fi basira ko ta riga sauran girman jiki sai ta yi ta cin su. Ranar da ta tsallaka wajen manya za ta tarar da mata 'yan 27, 30 da suka shekara goma suna ɗaga ƙarfe, ƙwallonsu ta fi nauyi, ba sa kyautar da maki, kuma abincinsu ne suke karewa. Makin da ta tara a matasa kuma ba ya bin ta, daga sifiri za ta fara, a ƙananan gasannin ITF, hukumar tanis ta duniya, da duka kuɗin gasar a lokacin dala 10,000 ne ko 25,000 a raba wa kowa da kowa. Eh akwai waɗanda kofin matasa ya zama musu tsani kai tsaye, shahararren ɗan wasan nan Roger Federer ya ci na Wimbledon a 1998, Iga Swiatek ta ci a 2018 bayan shekara biyu ta ci Roland Garros na manya, Coco Gauff ma ta ci na Faransa a 2018, amma su ake tunawa saboda sun yi suna, sauran jerin sunayen ba mai waiwayarsu.

Me ya riƙe ta duk tsawon shekarun nan?

Abu uku ne suka haɗu. Na farko kuɗi. A tanis ba kulob ɗin da ke biyan ka albashi kamar ƙwallon ƙafa, kai za ka sayi tikitin jirgi, ka biya otal, ka biya koci da nasa tikitin da nasa ɗakin, ka biya mai ɗaure maka igiyar raket, in an fitar da kai a zagayen farko asara ka tafka ka kama hanyar wata ƙasar. 'Yar Faransa ko Ingila ko Amurka ko Ostareliya hukumar ƙasarsu na da kuɗin Grand Slam a hannu, za a ba ta koci a ba ta katin alfarma ta shiga babbar gasa ba tare da ta cancanta ta rankin ba, 'yar Tunisiya fa? Ga kuma wahalar biza a kan fasfo ɗin Afirka, wannan kam ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ita kanta ta sha faɗin cewa tallafin da ta samu a 2017 daga asusun da manyan gasannin huɗu ke zuba wa kuɗi don 'yan ƙasashe masu tasowa ya taimaka mata sosai, kuma ba mamaki a shekarar ce ta shiga ɗarin farko.

Na biyu rauni da ƙarfin jiki, an daɗe ana cewa tana da hannu amma ba ta da numfashin set uku, wato wasan da ya kai zubi na uku. Na uku kuma, wanda ni a ganina ya fi sauran, salon wasanta. Yarinya ce mai dabaru iri-iri, a duk ƙwallon da ta zo mata tana da zaɓi huɗu ko biyar, kuma mai zaɓi da yawa ya fi daɗewa kafin ya gane wanne zai ɗauka a wane lokaci. Koci bayan koci sun so su mayar da ita irin sauran, ki tsaya a layin baya ki yi ta dukan ƙwallo da ƙarfi, ita kuma ta ƙi. Wannan taurin kan ya ja mata shekaru, shi ne kuma daga baya ya kai ta inda ta kai.

Yaushe abubuwa suka fara juyawa?

Roland Garros 2017. An ma fitar da ita a wasannin share fage, sai wata ta janye aka kira ta ta cike gurbi, kawai sai ta doke Dominika Cibulkova wadda ke cikin goman farko a duniya ta kai zagaye na uku, karon farko da Balarabiya ta kai nan a Grand Slam. A 2018 ta kai wasan ƙarshe a Mosko, tun daga share fage ta taso, Daria Kasatkina ta doke ta. Sai Australian Open 2020 inda ta kai kwata fainal, a hanya ta doke Caroline Wozniacki a wasan da Wozniacki ta yi bankwana da tanis a lokacin, Sofia Kenin ce ta tsayar da ita kuma Kenin ɗin ce ta ɗauki kofin.

2021 kuwa ita ce shekarar da ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. A watan Yuni ta ci kofin Birmingham a kan ciyawa, Kasatkinar nan dai ta rama a kanta. Bayan 'yan makonni a Wimbledon ta bi Venus Williams da Garbine Muguruza da Swiatek ɗaya bayan ɗaya, duk masu kofin Grand Slam, kafin Aryna Sabalenka ta fitar da ita a kwata fainal. Wasan Muguruza ɗin ne ba a mantawa, saura maki ɗaya ta ci wasa a babban fili sai ta koma gefe ta durƙusa ta yi amai a gaban dubban mutane, ta goge baki ta dawo ta ƙarasa aikinta. A watan Oktoba bayan ta kai kusa da ƙarshe a Indian Wells ta shiga goman farko a duniya.

Shi wannan rankin ɗin ya ake lissafa shi?

Maki ne ake tarawa na sati 52 da suka wuce. Wadda ta ci Grand Slam tana samun 2000, wadda aka doke a wasan ƙarshe 1300, sauran gasanni kuma sunansu ma ya faɗi makinsu, akwai WTA 1000 da 500 da 250. In shekara ta zagayo makin bara na wannan gasar ya zube, sai ki sake cin wani, shi ya sa wadda ta ji rauni ta yi wata shida a gida za ka ga ta rikito ƙasa ko da ba wanda ya doke ta. Wani abin haushi, wasan ƙarshen da Ons ta kai a Wimbledon 2022 ko maki ɗaya bai ba ta ba, domin a shekarar Wimbledon ta hana 'yan Rasha da Belarus shiga saboda yaƙin Yukren, hukumomin WTA da ATP (ta maza) su kuma suka ce to ba maki a gasar.

Wane irin salo ne da ita da ake ta yabo haka?

Abin da aka fi saninta da shi shi ne sakin ƙwallo a gindin raga. Za ta ɗaga raket kamar za ta maka wata uwar ƙwallo, abokiyar karawa ta ja da baya tana jira, a daƙiƙar ƙarshe sai ta sassauta hannu ta shafo ƙwallon ta ƙasa, ta tsallake raga da ƙyar ta sauka a hankali kamar an ajiye ƙwai a faranti, wani lokacin ma ta yi tsalle ta koma baya. Waccan ta taho a guje daga can bayan fili, in ma ta cim mata to Ons na tsaye tana jira ta ɗaga mata ita ta saman kai. Tana kuma yawan yankan ƙwallo ta yadda za ta yi ƙasa-ƙasa ba ta tashi, abin da ke wahalar da dogayen 'yan wasa musamman a kan ciyawa, shi ya sa Wimbledon ta fi karɓarta duk da a jar ƙasar Roland Garros ta ci kofin matasa. Tun tana yarinya abokan atisayenta ke kiranta Federer saboda wannan hannun, ko da yake ita Andy Roddick ne gwaninta. Tana buga ƙwallon ƙafa ma sosai, za ka gan ta a fili tana ɗaga ƙwallon tanis da ƙafa, mai goyon bayan Etoile du Sahel ce ta garinsu da Real Madrid.

Amma fa salon nan yana da tsada. Ranar da hannu ya zauna ba wanda ya fi ta daɗin kallo, ranar da bai zauna ba kuwa sai ka ji kamar ka kashe talabijin, ƙwallon da ya kamata ta buga kai tsaye sai ta ce sai ta yi gwaninta ta faɗa raga.

Wasannin ƙarshe ukun nan fa, me ya faru a kowanne?

Ta shigo Wimbledon 2022 da zafinta, ta ci Madrid a watan Mayu inda ta doke Jessica Pegula, kofi mafi girma da ta taɓa ci kenan, ta kai wasan ƙarshe a Rum, ta ci Balin, har Serena Williams ta zaɓe ta su yi wasan bibbiyu tare a Eastbourne. A wasan kusa da ƙarshe ta haɗu da ƙawarta Tatjana Maria ta Jamus, uwar 'ya'ya biyu, da ta ci wasan maimakon ta tsaya ta sha tafi ita kaɗai sai ta kamo hannun Maria ta jawo ta tsakiyar fili tana nuna wa jama'a ita a tafa mata. Wasan ƙarshe ya faɗo ran 9 ga Yuli, ranar Babbar Sallah, duk Tunisiya ana yanka ana kallon talabijin. Ta ci set na farko 6-3, daga nan Elena Rybakina ta Kazakistan ta saita sabis ɗinta ta cinye biyun da suka rage 6-2, 6-2. A set na uku Ons ta samu dama uku a jere ta karya sabis ɗin Rybakina, wato ta ci zagayen da Rybakina ke fara buga ƙwallo, ta dawo wasa, duka ukun suka wuce. Daga baya ta nuna wa 'yan jarida wayarta, ashe hoton farantin kofin Wimbledon ne a fuskar wayar tun kafin gasar.

Na biyu US Open ne a watan Satumba na shekarar, Swiatek ta doke ta 6-2, 7-6. Wannan kam ba abin cewa, Swiatek a 2022 ta fi kowa, ita ce ta ci wasa 37 a jere a shekarar.

Na uku shi ne mai ciwon, Wimbledon 2023. Ta fitar da Petra Kvitova, ta rama a kan Rybakina a kwata fainal, ta doke Sabalenka bayan an ci ta set na farko, wato duk manyan duwatsun ta kawar da su, saura Marketa Vondrousova ta Jamhuriyar Cek wadda ko cikin jerin manyan 'yan wasa 32 da ake warewa a gasar ba ta. Kowa ya gama ba ta kofi. Ta yi gaba 4-2 a set na farko, ta yi gaba 3-1 a na biyu, duka biyun ta bari suka zube, 6-4, 6-4. A wajen ba da kyauta ta kasa riƙe kuka har Gimbiyar Wales Kate ta zo tana rarrashinta, ta kuma faɗa da bakinta cewa wannan ce faɗuwa mafi ciwo a rayuwarta ta wasa.

Kenan gaskiya ne da ake cewa tsoro ke kama ta a fainal?

A na 2023 eh, ba sai an ɓoye ba, ita ma ba ta ɓoye ba, duk wanda ya kalli wasan ya ga ƙafafunta sun yi nauyi. Daga baya ta bayyana cewa ita da mijinta sun tsara in ta ci kofin za ta tafi hutun haihuwa, ka ga ba kofi kaɗai ta ɗauko a ka ta shiga fili da shi ba. Ƙara da cewa duk hirar da za a yi da ita sai an tuna mata wai nahiya guda da duk ƙasashen Larabawa na jiranta, Vondrousova kuwa ba wanda ya ɗora mata komai. Amma ɗaukar wannan a shafa wa sauran biyun rashin adalci ne, kuma masu cewa ta gaza su tuna Kim Clijsters sai da ta faɗi wasan ƙarshe huɗu kafin ta ci na farko, Andy Murray ma huɗu, Simona Halep uku. Bambancin kawai su sun samu wata damar.

Ita ce 'yar Afirka ta farko da ta yi irin wannan?

A nan ana yawan cakuɗa magana. Tun da aka buɗe manyan gasanni ga ƙwararru a 1968 ita ce macen Afirka ta farko da ta kai wasan ƙarshe na Grand Slam a wasan ɗaiɗai, amma kafin nan Sandra Reynolds ta Afirka ta Kudu ta kai na Wimbledon a 1960. Amanda Coetzer, ita ma Afirka ta Kudu, ta kai ta uku a duniya a 1997. A maza Johan Kriek ya ci Australian Open a 1981, Kevin Anderson ya kai wasan ƙarshe a US Open 2017 da Wimbledon 2018. A ɓangaren Larabawa kuma akwai 'yar ƙasarsu Selima Sfar da ta fara shiga ɗarin farko, da Younes El Aynaoui na Maroko da ya kai na 14. Najeriya ma ta taɓa leƙawa, Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon 1983. A bayanta kuma ga Mayar Sherif ta Masar da ta ci kofin WTA a 2022, da Angella Okutoyi ta Kenya da ta ci kofin 'yan mata na bibbiyu a Wimbledon ɗin da Ons ta kai fainal na farko.

Me ya sa ake ce mata Ministar Farin Ciki?

'Yan Tunisiya ne suka laƙaba mata, ƙasa na fama da tsadar rayuwa da rikicin siyasa, ita ce ɗan labarin daɗin da ake samu. Kuma halinta ne, mai barkwanci ce, 'yan wasa da yawa in aka tambaye su wa suka fi shiri da ita sunanta suke kira. Amma ba dariya kaɗai ta iya ba, ta sha fitowa ta soki masu shirya Roland Garros kan yadda suke ware wasannin dare, lokacin da aka fi kallo, kusan duka ga maza.

Musulma ce? Ya take yi da azumi?

Musulma ce. Ta yi bayani cewa in Ramadan ya haɗu da gasa takan ajiye azumin ta rama daga baya, ga tafiya ga wasan awa biyu ko uku a rana. Maganar shigarta ta wasa kuwa da ake yawan tayarwa a ƙarƙashin hotunanta, kayan da sauran 'yan wasa ke sawa take sawa, kowa da ra'ayinsa a kai kuma ba a shafin tanis za a warware ta ba.

A watan Nuwamba 2023 a gasar ƙarshen shekara ta WTA a Cancun ta Meziko, bayan ta doke Vondrousova ɗin nan dai, ana hira da ita a fili ta fashe da kuka kan yaran da ake kashewa a Gaza ta ce za ta ba da wani ɓangare na kuɗin da ta ci don taimakon Falasɗinawa. A farkon 2024 Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ta naɗa ta jakadiyarta.

Tana da aure?

Tana da shi tun 2015. Mijinta Karim Kamoun tsohon ɗan wasan takobi ne, tun 2017 kuma shi ne mai horar da ita ɓangaren ƙarfin jiki, wato mai sa ta gudu da ɗaga ƙarfe, ta sha yin barkwanci kan yadda suke faɗa a kan haka. Kocin da ta yi manyan nasarorinta da shi, Issam Jellali, shi ma ɗan Tunisiya ne, kuma da gangan ta yi hakan, tana son a ga cewa ba dole sai da Bature a kujerar koci ake kaiwa sama ba.

Nawa ta samu a tanis?

Kuɗin gasa kaɗai ya haura dala miliyan 13, ban da na talla. Zuwa na biyu a Wimbledon 2022 fam miliyan 1.05 ne, na 2023 kuma fam miliyan 1.175. Sai dai kar a yi saurin buga lissafi da canjin yau, ƙasar da aka yi gasar na cire harajinta tun a can, ga albashin koci da likitan jiki da mai kula da tunani da jiragen tawaga duk shekara. Kuma kusan duka kuɗin nan daga 2020 zuwa sama suka shigo, shekarun baya da ƙyar ake mayar da kuɗin tafiya. A 2023 ta sayi hannun jari a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta North Carolina Courage a Amurka.

Ina take yanzu, ta yi ritaya ne?

Ba ta ce ta yi ritaya ba. Bayan Wimbledon 2023 ta ƙara kofi ɗaya a Ningbo ta Sin, shi ne na biyar, da ma ta ci Charleston a watan Afrilun shekarar. Daga nan jiki ya fara gardama, gwiwar da aka yi wa aiki a farkon 2023 ba ta bar ta ta huta ba, a 2024 kafaɗa ta sa ta janye daga US Open ta rufe shekarar da wuri, rankin ya yi ƙasa. A Wimbledon 2025 ta kasa ƙarasa wasanta na zagayen farko, a watan Yuli ta fitar da sanarwa cewa za ta ja baya ta huta domin ta daɗe ba ta jin daɗin kanta a fili, a watan Nuwamba kuma ta sanar tana da juna biyu.

Ƙa'idar WTA ta yanzu ta sauƙaƙa wa masu jego dawowa, ana ajiye wa mace matsayin da take kafin ta tafi ta shiga wasu gasanni da shi, kuma daga 2025 an fara biyan kuɗin hutun haihuwa har na wata 12. Waɗanda suka dawo suka yi abin kirki ma suna da yawa, Clijsters ta ci Grand Slam uku bayan ta haihu, Svitolinar da ta doke Ons a fainal ɗin matasa na 2010 ta haihu a 2022 ta kai kusa da ƙarshe a Wimbledon 2023, Belinda Bencic ta ci Abu Dhabi a farkon 2025 da jaririya a hannu, ƙawarta Tatjana Maria kuma ta ci kofin Queen's a Landan a watan Yunin 2025 tana shekara 37.